Lambar da Maƙirgi Ya Tsallake

Asabar, bayan la'asar

Ƙwan Yaya bai ƙyanƙyashe ba. Mako uku ana jira, yau aka buɗe inji, 'yan tsakin da suka fito ko ƙaramin kwali ba su cika ba. Yaya ta fasa wasu daga cikin ragowar a gabana. Kowane ɗan tsako ya mutu manne da gefe ɗaya na ɓawo, alamar ba a juya ƙwan ba. Warin har yanzu yana cikin mayafina.

Injin ƙyanƙyasar na kamfanin da nake aiki ne, ni kuma na rubuta manhajar da ke cikinsa. Ni na matsa wa Yaya ta karɓa, bayan mijinta Direba ya samu shanyewar ɓarin jiki ya ajiye tuƙin babbar mota. Na ce mata ga sana'ar da ba ta son ƙarfi, inji zai yi komai, shi Direba nasa ido ne kawai, sai tayar da janareta in an ɗauke wuta. Ranar da muka kai injin ya yi dariyarsa ta farko tun dawowarsa daga asibiti. Ya ce, "Injiniya, kin mai da ni kaza ke nan, zan kwanta kan ƙwai."

Yau na haɗa kwamfutata da injin a gabansu. Zafi daidai, danshi daidai, maƙirgin lokaci yana tafiya, lambarsa ta yi daidai da agogo. Na rufe kwamfuta na ce inji ƙalau yake. Sai na nuna jan maɓallin da ke tsayar da juyin ƙwai, wanda ba a danna shi sai ana gab da ƙyanƙyasa, kuma ba ya nuna ranar da aka danna shi. Na ce ko wani ya taɓa shi da wuri?

Wani fa na ce. Mutum ɗaya ne ke shiga ɗakin nan.

Direba ya ce, "Ban tuna na taɓa ba."

Yaya ta ce, "Baban yara, ba ka tuna ba, ko ba ka taɓa ba?"

Ya ci gaba da matsa 'yar ƙwallon robar da likita ta ba shi don motsa hannu.

Litinin, da safe, a ofis

Na ba Oga labari. Bai ma ɗago daga wayarsa ba ya ce, "Laifin mai amfani da injin ne. Kin duba, ko?" Na ce na duba. Ya ce to magana ta ƙare.

Gaskiya na ji sanyi a raina. Na rubuta shi nan don kar wata rana in yi wa kaina ƙarya in ce tun farko hankalina bai kwanta ba. Ya kwanta lumui. Har shayi na sha kofi biyu.

Laraba, da yamma

Yaya ta zuba sabon ƙwai. Ta ce a wannan karon ita za ta kula da ɗakin, shi ya huta. A waya ta faɗa mini, muryarta ƙasa-ƙasa, yana kusa ke nan.

"Ƙanwata, jiya ya ajiye tabaransa a kan firji yana ta nema. Ina jin tsoro fa. Hannun ma mun gode Allah, amma in kan ne ya taɓu?"

Na ce kowa ma yana ɓatar da tabarau. Ta ce ai ba kowa ke kashe ƙwai cike da inji ba.

Alhamis, da hantsi

Ban san me ya tuno mini ba, amma duk safiyar nan ina tuna ranar da Direba ya tambaye ni yadda inji yake sanin lokacin juya ƙwai. Mutumin nan ba ya karɓar "haka yake" a matsayin amsa. Na ce masa a can cikin manhajar akwai wata 'yar zuciya, mu kanel muke ce mata, ita ke raba wa kowane aiki lokacinsa. A cikinta akwai maƙirgi. Duk bugun agogo ɗaya sai ya ƙara ɗaya, ba shi da wani aiki a duniya sai wannan. Sannan akwai ƙararrawa, wadda ba ta ƙara, alkawari ce kawai: in maƙirgi ya taka lamba kaza, a tashi injin da ke karkata tiren ƙwai. In ta tashi ta yi aikinta sai ta ɗora wa kanta sabuwar lamba a gaba, ta koma jira.

Ya ce, "Wato mitar mota ce da yaron mota. In mun kai kilomita kaza, tashe ni in duba taya."

Na ce wallahi ya fi wasu a ofishinmu ganewa. Ya ce a ba shi aikina mana, ni in je in ja tirela, a ga wanda zai fara kuka.

Jumma'a, da rana

Batirin ofis ya mutu. An ɗauke wuta tun da hantsi, muka zauna muna fifita da takardu har mai gyara ya zo. Da wuta ta dawo komai ya tashi, har da injin gwajin da ke bayan teburina, wanda muke cika tirensa da ƙwan roba.

Can da yamma Dogo, abokin aikina mai haɗa allunan wuta, ya tsaya kan injin da biskit a baki ya ce, "Injiniya, kazarki ta yi fushi ne? Tun ɗazu gefe ɗaya take kallo."

Na ce ya cika surutu. Amma na tashi na duba.

Jumma'a, bayan an tashi aiki

Kowa ya tafi. Ga abin da na gani, zan rubuta shi dalla-dalla yadda zan rubuta wa baƙo.

In an ɗauke wuta maƙirgi yana tsayawa. In ta dawo, akwai ƙaramin agogo mai batir da ke faɗin tsawon lokacin da aka yi a duhu. Hanyar da ta dace ita ce a bar maƙirgi ya taka lambobin da ya rasa ɗaya bayan ɗaya, duk ƙararrawar da ke hanya ta tashi. Ni kuwa, don inji ya tashi da sauri a yaba mini, sai na ɗauke shi cak na dire shi kan lambar da ya kamata a ce ya kai. In lambar ƙararrawa tana cikin waɗanda aka tsallake, shi ke nan. Maƙirgi ya wuce, ita tana nan zaune tana jiran lambar da ba za ta sake zuwa ba. Zafi bai san an yi ba, danshi bai san an yi ba, fuskar inji fes. Tire ne kawai ba ya motsi, sai in an fara sabon zubi.

Me ya sa ba mu gani a gwaji ba? Saboda mu nan in za mu gwada ɗauke wuta, zare filogi muke yi mu ƙirga biyar mu mayar. Ba wanda ya taɓa zama ya jira kamar yadda mutane ke jira a gidajensu, balle mai jan igiyar janareta da hannu ɗaya.

Ranar Asabar na duba maƙirgi na ga yana daidai. Yana daidai ɗin. Ƙararrawar ce ban duba ba.

Layi ɗaya ne. Na gyara shi kafin shayina ya huce.

Asabar, da safe

Zan je yau.

Asabar, da yamma

Ban je ba. Na wanke labule.

Lahadi, bayan azahar

Na je. Na ce wa Yaya gaisuwa na zo, sannan zan ɗan leƙa inji tunda na taho da kwamfuta. Tana girki, ta miƙo mini makulli ta taga. Yanzu kulle ɗakin ake yi. Direba yana zaune a baranda kan farar kujerar roba, da ƙwallonsa. Ya ce, "Injiniya ta zo duba majinyata. A gaishe su, ni an hana ni ziyara."

Na yi dariya don ya yi.

Na shiga, na haɗa waya. Wannan karon ƙararrawa na fara dubawa. Ta tsaya. An ɗauke wuta jiya da rana, maƙirgi ya tsallake ta, tire bai motsa ba tun lokacin. A hannun Yaya. Da ƙofa a kulle, makulli ɗaure a bakin zanenta, Direba ko ƙafarsa bai sa a ɗakin ba tun Laraba.

Ga shi a gabana a rubuce, lambar maƙirgi sama, ta ƙararrawa ƙasa. Abin da ya rage kawai in leƙa in ce, "Yaya, zo ki gani." Ina jin ƙarar cokalinta a tukunya. Ina jin kujerarsa tana ƙara in ya gyara zama. Tsakanina da su bai fi tsawon tabarma biyu ba.

Sai na tuna yadda na rufe kwamfuta waccan Asabar ɗin, da yadda na nuna jan maɓallin nan da yatsa.

Na ɗora sabuwar manhaja. In an ɗora sabuwa, tsofaffin lambobin gogewa suke yi. Na sani sarai. Tire ya yi ɗan kuka ya karkata ɗaya gefen. Kwana ɗaya ba juyi ba ya kashe ƙwai, za su rayu.

Da na fito ya ce, "Yaya jikin nasu?"

Na ce da sauƙi.

Yaya ta cika mini kwano. Na cinye tas, har da ƙari. Wannan ma in rubuta.

Litinin, da hantsi

Na faɗa wa Oga. Wannan karon ya ajiye waya. Ya rufe ƙofa ya tambaya injuna nawa ne a waje. Na ce ba su da yawa, duk na gwaji ne a hannun 'yan uwa da abokai. Ya ce a bi su a ɗora sabuwar, a ce musu ƙarin inganci ne. Kada kalmar kuskure ta fito daga bakin kowa, muna gab da fara sayarwa.

Na ce, "Oga, na gidan Yayata fa an ɗora wa mutum laifi."

Ya ce, "Ki duba da kyau. Da an tayar da janareta da wuri, da lambar ta faɗa cikin giɓin? Da wuya. Kin ga ke nan akwai hannunsa a ciki."

Akwai hannunsa a ciki. Na fito ina juya maganar a baki kamar alewa, ina jin daɗinta, har na kai teburina kafin ta fara ɗaci.

Talata, lokacin cin abinci

Dogo ya jawo kujera kusa da ni.

"Kin faɗa musu?"

"Na gyara."

"Ba shi na tambaya ba."

Na ce ya ji da allunansa, rabin wayoyin da ya liƙa a makon jiya sun saki. Ba gaskiya ba ne, guda ɗaya ce. Ya ɗaga hannu biyu ya ce, "Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as," ya ɗauki kwanonsa ya koma wajensa. Ban yi masa magana ba har aka tashi.

Alhamis, da safe

Ranar Asabar zan faɗa. Na shirya yadda zan fara.

Asabar, bayan la'asar

Na je da maganar a bakina. Na tarar Yaya tana haska ƙwai da tocila, ta kira ni in ga jijiyoyi ja-ja a ciki, da ɗan baƙin abu yana motsi. Fuskarta ta cika da murna, rabon da in gan ta haka tun kafin ciwon. Ta ce, "Kin ga? Wancan karon a irin wannan lokacin ko rabin haka ban gani ba." Ta kalli baranda ta rage murya. "Ba na son in faɗa, amma ai gani ya kori ji."

Na ce, "Yaya, akwai abin da..."

Ta ce, "Na sani, kar in nuna masa. Ba na nuna masa. Ke dai Allah Ya yi miki albarka, ke kika rufa mana asiri a gidan nan."

Na ce amin.

A baranda na tarar ya manna 'yan takardu a jikin abubuwa. Kan rediyo: a kashe. Kan ƙofar gida: a rufe. Rubutun hannun hagu, duk a karkace. Ya ga ina kallo ya ce dabara ce, tsohon direba ba ya raina alamar hanya. Bai tsokane ni ba yau, ko sau ɗaya.

Lahadi, da safe

Akwai abin da nake ta kewayewa a littafin nan.

A makon farko na wancan zubin ya kira ni a waya. Ina cikin taro na fito. Ya ce, "Injiniya, ni fa sai nake ganin kamar tiren nan kullum gefe ɗaya yake kallo." Na ce masa a hankali yake juyawa, ido ba ya kamawa, ya daina zama yana zura masa ido kamar talabijin. Ya yi dariya ya ce to, masu ilimi sun faɗa.

Bai taɓa tayar da maganar kiran nan ba. Ko ranar da Yaya ta tsare shi da tambaya. Ban sani ba ko kara yake yi mini, ko yanzu shi ma bai yarda ya kira ba.

Laraba, da yamma

An ɗauke wuta a gidana. Na zauna ina lissafin ƙararrawa nawa ke tashi daidai yanzu a garin nan saboda layin da na gyara. Aikina yana kyau. Oga ya yaba mini a gaban kowa.

Jumma'a, da rana

Ban je ba.

Litinin, da safe

Na kama kaina ina wani mugun tunani: da ma wannan zubin ma ya lalace. In ya lalace a hannun Yaya, an wanke shi ba sai na buɗe baki ba. Wato ga ƙanwar kirki, ƙwan yayata nake wa fatan ruɓewa don in tsira da girmana. Ba zai ma lalace ba. Na iya aikina, matsalar ke nan.

Laraba, da hantsi

Sun fito. Yaya ta kira ni tana ihu, ba na ma jin maganarta don kukan 'yan tsaki. Kusan duka. Na bar ofis na tafi.

Kwali-kwali a tsakar gida, maƙwabta suna shigowa kallo, kowa na cewa barka. Wata maƙwabciya ta ce wa Yaya, ba da mugunta ba, "Ai dama aikin nan sai mai cikakkiyar lafiya." Yana zaune a wajen. Ya ɗauki ɗan tsako ɗaya a hannunsa mai lafiya, yana shafa kansa da babban yatsa.

Da mutane suka ragu ya kira ni. Ba Injiniya ya ce ba, ƙanwata ya ce.

"Kin ga dai yanzu ba sauran musu. Inji ɗaya, ƙwai iri ɗaya, ni kawai aka cire. Ina so ki kai ni wajen likitar nan ta duba kaina. Kar ki faɗa wa Yayarki tukuna, ta sha wahala ta isa. Ke ce mai mota, kuma ke ba kya ɓoye mini gaskiya."

Na ce yaushe yake so.

Jumma'a, bayan mun dawo

Likitar ta daɗe da shi. Ta faɗa masa sunayen abubuwa ta ce ya riƙe, ta ja shi da hira, ta dawo ta tambaya, ya kawo su duka a jere. Ta sa shi lissafi da baya, ya riga ta gamawa. Ta ajiye biro ta ce, "Baba, ni ban ga mantuwa a nan ba. Ka fi ni ma."

Na ji kamar an sauke mini dutse. Na ce a raina shi ke nan, ta yi mini aikin.

Shi kuwa ya girgiza kai. "Likita, wannan ai wasan yara ne. Ni abu na yi da hannuna, babba, ban san na yi ba, har yau ban tuna ba. Shi ne abin tsoron. Ga injiniyar nan, ita ta duba, ba ta faɗin abin da ba ta gani ba."

Likita ta juyo. "Kin tabbata daga wajensa ne, ba daga injin ba?"

Ya juyo shi ma. Ba tuhuma a idonsa ko kaɗan, jira kawai yake in taimake shi a yarda da shi.

Na ce, "Ranar da na duba, ban ga komai a injin ba."

Ko a kotu ba za a kama ni da ƙarya ba. Likita ta ɗauki bironta ta yi rubutu mai ɗan tsawo. Ta ce wani lokacin irin wannan yana fara zuwa jefi-jefi, a sa ido, a dawo bayan wata uku, kafin nan kada a bar shi shi kaɗai da wuta ko inji. Ya ce ya gode, har da ɗan murmushi, kamar wanda ya ci gardama.

A hanyar dawowa, da muka kusa babban shataletale, ya ɗaga hannu ya ce, "Yi dama nan. Ranar Jumma'a war haka manyan motoci suna toshe gadar can, ta bayan ma'aikatar katako za mu..." Ya sauke hannun ya ɗora a cinya. "A'a. Bi yadda kika sani. Kar ki biye mini."

Na miƙe hanyar gadar. In na yi dama, dole in faɗi dalilin da ya sa na yarda da kansa.

Gadar a toshe take, tireloli iyakar ganinka. Muka tsaya cikin rana, injin mota yana zafi, masu talla suna ƙwanƙwasa gilashi. Ina jira ya ce ai na faɗa miki. Wallahi da ya faɗa da na fashe da kuka na amayar da komai.

Ya daɗe yana kallon motocin. Can ya ce, "Yi haƙuri, ƙanwata. Surutuna ne ya ruɗa ki."